Kaset Ukun Baba Saje

Whitechapel, London,
14 ga Nuwamba, 1988.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, yaya ƙafar taki, yaya mutanen gida da na Wudil baki ɗaya? Talatu, ke da za ki karanta mata, ina gaishe ki, kuma ki karanta yadda na rubuta, kada ki tsallake inda na yi zafi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Asma'u ta shiga aji biyu. In na yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take mayar mini.

Alhaji Masawudu ya iso ganin likita ranar Laraba, ya kawo kuka da daddawar da kika aiko, mun gode, Allah ya ƙara girma. Amma akwai wani ƙunshi dabam da ya ciro daga aljihun babbar rigarsa, a ɗaure cikin tsohon hankici: kaset uku daga Baba Saje. Alhaji ya ce da ya je Gaya yi masa sallama, ya tarar Baba ya yi kwana uku yana kulle kansa a ɗaki da rikoda, ba ya barin kowa ya matso ƙofar. Da Baba zai miƙa masa sai ya ce labarin yaƙin ƙasar Bama ne, tun daga ranar da aka ɗauke su soja shi da yayansa Almu har ranar da ya dawo gida shi kaɗai. Ya ce kuma maganar Rukayatu tana ciki.

Maganarki ke nan, Inna. Shekara arba'in da huɗu kina tambayar baffanki yadda mahaifinki ya rasu, da inda aka binne shi, da ko ya ambace ki, shi kuwa in kin ɗauko zancen sai ya tashi ya bar miki tabarma. Yau ga shi ya buɗe baki.

Sai dai Baba ya kafa sharaɗi. Ɗansa, wato Baban Asma'u, shi ne zai fara ji, shi kaɗai, ya rubuta a takarda yadda ba zai ɓata ba, sannan a kawo miki. Wai don shi ne ya yi karatun yaƙi a ƙasar Turawa.

Karatun yaƙi! Bari yau in faɗa miki abin da ya zaunar da mu a garin nan shekara biyar, don in an tambaye ki a gidan biki ki daina cewa surukinki likitanci yake karantawa. Wani basaraken Turawa ne, Lord Brackmoor, ya mutu yau kusan shekara ɗari uku. Ni Mai Gashin Aro nake ce masa, saboda a hotonsa da ke manne a bangon ɗakinmu ya ɗora wani gashi har kafaɗa kamar an kifa masa buzu a ka. Yana da shekara ashirin da ɗaya ubansa ya sa aka ba shi sojoji ɗari, alhali bai taɓa harbin komai ba sai tsuntsu. Aka tura shi Tanja a ƙasar Maroko tsaron gari, a can ya baro yatsu biyu. Daga nan aka kai shi wata ƙasa, Flanders, yau ya kewaye wannan gari da sojoji, gobe a kewaye shi. Sarki uku ya bauta wa, ya juya wa na biyun baya da ya ga ruwa ya kusa ƙare wa sarkin. Ƙarshe dai a kan gadonsa ya mutu da ciwon ƙafa, bayan ya tura 'ya'yan talakawa lahira ba adadi. To wannan shi ne mutumin da Baban Asma'u yake rubuta littafi a kansa don a kira shi Dokta.

Jikokin mutumin sun adana wasiƙunsa ɗari huɗu da goma sha biyu a akwatuna, a wani gidan ajiye tsofaffin takardu. Kullum da safe Baban Asma'u zai hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya je ya kwafe su da fensir, don ba a shiga wurin da biro. Rubutunsa kuwa kin sani, kamar kaza ta taka tawada. Saboda haka in ya fito sai ya zauna a benci ya karanta abin da ya kwafa cikin ƙaramin rikoda, ya kawo mini kaset, ni kuma in sa a kunne in buga da tafireta. Na san Mai Gashin Aro kamar ni na goye shi.

Da na ba shi ƙunshin Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a, ya ɗora a saman kwaba. Ya ce wannan ba maganar da za a ji a tsaitsaye ba ce, tana son natsuwa, sai ya gama babi na biyar. Na ce masa duka ukun awa huɗu da rabi ne, bai kai zaman da yake yi kan wasiƙa ɗaya ba. Ya ce ban gane aikin ilimi ba.

Ki kwantar da hankalinki. Ba zan bar shi ya sha ruwa da daɗi ba sai ya zauna ya ji. Ki gaishe da Baba in kin je Gaya, da duk wanda ya tambaye mu.

Taki,
Shafa'atu.

Whitechapel,
22 ga Janairu, 1989.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, da fatan ke da kowa kuna lafiya, yaya sanyi, yaya jikin Baba Saje? Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku. Kin ce in yi haƙuri, in daina takura wa mijina, wai kin jira shekara arba'in da huɗu, wata biyu ba komai ba ne. Inna, ke kin iya, ni ban iya ba.

Bai ji ba. Babi na biyar ya ƙare tun kafin Kirsimeti, sai malaminsa ya ce a ƙara babi kan kewaye garin Namur, inda harsashi ya sami Mai Gashin Aro a cinya. To yanzu Namur muke ci, Namur muke sha. Na san yawan buhunan garin da sojojinsa suka cinye, na san ranar da aka yi ruwa rami ya cika, na san sunan mai gyara masa takalmi. Kakana da ya haife ki kuwa ko sunan wurin da ya kwanta ban sani ba, alhali ga shi nan a saman kwaba, hannu kawai zan miƙa.

Kada ki ce ban yi tunanin miƙawa ba. Sau nawa ina ni kaɗai a flat ɗin nan, Asma'u tana makaranta, zan sauko da hankicin in riƙe shi a cinya. Amma Baba ya ce ɗansa ne zai fara ji, kuma ke kika koya mini cewa maganar babba ba a tsallake ta. Sai in mayar in koma kan tafireta ina tsaki.

Abin da ya ƙone mini rai a makon jiya shi ne, ya ɗauke mu ranar Asabar wai mu sha iska, ashe gidan mutumin za mu, wanda yanzu ake buɗe wa 'yan kallo. Muka sha tafiya a bas cikin yayyafi. Ga takobinsa a gilashi, ga rigar ƙarfensa, ga sirdinsa, har safar hannu mai yatsu uku an jingine ta a kan ƙyalle ja, ga wata tsohuwa tana gadinta kada a taɓa. Baban Asma'u ya tsaya gaban wata wasiƙa da mutumin ya rubuta ranar da aka kashe masa doki, yana fassara mini, muryarsa tana rawa. Na duba, wallahi Inna, ƙwalla ce a idonsa. Don doki! Na ce masa mahaifinsa ma an kashe masa wa, ba doki ba, kuma shi bai mutu shekara ɗari uku da suka wuce ba, yana Gaya yana jiran amsa. Ya ce in rage murya, Turawa suna kallonmu. Na ce su kalla.

A hanyar dawowa ya faɗa mini wani abu da ya ɗan sanyaya ni, ban ɓoye miki ba. Ya ce tun yana yaro yake jin Baba yana firgita cikin barci yana kiran Almu, kuma bai san me zai ji a kaset ɗin ba, yana tsoron in ya ji ba zai iya komawa kan aikin ba. Na tausaya masa har muka sauka daga bas. Da muka shiga gida ya wuce kai tsaye ya zauna gaban Namur, sai tausayin ya tafi.

Maƙwabciyata Fusena, 'yar zangon Kumasi da nake ba ki labari, mai aikin shara a asibitin nan na kusa da kasuwa, tana da rikoda mai baki biyu. Ta ce in kawo ta kwafe mini su a wasu, don abu mai daraja ba a barinsa guda ɗaya. Na ce a'a, in ana kwafa dole mu ji, kuma an hana. Ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ce to aƙalla in karya musu kunne, 'yar maƙalar nan ta sama da in an ɓalle ta ba a sake naɗar komai a kai. Nan ma na ce a'a. Ai kin san yadda muke yi da Baba tunda ba ya rubutu: ya aiko kaset, a ji, a naɗi amsa a kansa, a mayar masa. In na karya kunnen kamar na ce ba za a amsa masa ba ne. Ta ce mu mutanen Najeriya mun cika ladabi har ya yi mana yawa, ta tafi tana dariya.

Na dai yi wata dabara. Na kwance hankicin, na sauko da su daga kwaba, na ɗora su a kan teburinsa, daidai gefen rikoda, a saman kaset ɗinsa na aiki. Duk safiya in zai miƙa hannu sai ya ci karo da ubansa. In yana da kunya, mako ɗaya ya ishe shi.

Asma'u tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da aya. Ki gaida Talatu da mijinta.

Taki,
Shafa'atu.

Whitechapel,
9 ga Afrilu, 1989.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Talatu, ki kai ta ɗaki ki rufe ƙofa kafin ki ci gaba.

Wasiƙarki ta zo jiya. Kin ce Baba ya sami amsa daga ɗansa, ya yanka ɗan akuya ya yi sadaka, ya aika a kira ki ya ce ki sa ido, takardarki tana tafe. Kin ce kin sayi sabon ƙyalle da za ki naɗe ta. Tun da na karanta ban iya kallon abinci ba. Ba zan ɗauki azumi na uku da wannan ƙarya a bakina ba.

Babu takarda, Inna. Babu kuma kaset.

Ranar ashirin da bakwai ga Fabrairu da hantsi ina buga aikin Namur, kaset na kunnena, muryar Baban Asma'u tana karanta wasiƙun mutumin. Ya kai ƙarshe, na ji ƙarar kashe rikoda, har na miƙa hannu zan cire. Sai na ji tari. Tarin Baba ne, wanda ko a cikin kasuwa na ji zan gane. Sannan muryarsa, a tsakiyar magana. Na kashe, na ciro kaset ɗin na juya shi: ba rubutu a jikinsa, irin na gida ne. Na tashi na zazzage tebur. Sauran biyun suna cikin kwalin waɗanda na riga na buga tun makonni biyu da suka wuce. Da hannuna na buga su, Inna, ban sani ba. Su ko tari bai rage a cikinsu ba.

Kaset ɗinsa na aiki ne suka ƙare, yana sauri kada ya makara, ya miƙa hannu ya kwashi na sama ya zuba a jaka. Ko dubawa bai yi ba. Ya zauna a benci ya karanta wa Mai Gashin Aro wasiƙunsa a kan muryar ubansa, ranar Litinin ɗaya, Talata ɗaya, Alhamis ɗaya.

Da ya dawo na zaunar da shi na sa masa abin da ya rage, minti uku ne, na fita na tsaya a baranda don har a lokacin ina kiyaye sharaɗin Baba. Da na shigo na same shi ya yi tsuru-tsuru. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba a watan azumi. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni wa ya sauko da su daga kwaba. Na ce ni. Ya tambaye ni wa ya ƙi karya kunnen. Na ce ni. Na ce amma ni wata uku ina roƙon a ji su, kuma ko makaho in ya ɗauki abu daga kan tebur yana shafa shi ya ji ko nasa ne. Muka yi kwana tara ba mai ce wa wani uffan sai ta bakin Asma'u.

Daga baya ya roƙe ni in rufa masa asiri. Ya ce in Baba ya ji zuciyarsa za ta buga. Ya ce in ya kare littafinsa gaban malamai a watan Yuni, zai tafi gida ya durƙusa gabansa ya faɗi gaskiya, ya zauna da shi ko wata guda ne ya sake ɗauka daga farko. Na ce ya tafi yanzu. Ya ce fasfonsa yana Croydon wurin sabunta izinin zama. Takardun da ya kamata ya kai tun Disamba sai a Fabrairu ya kai, saboda Namur. Na amince na yi shiru, kuma wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Abin da ban sani ba, kuma ban amince da shi ba, shi ne ya sayi sabon kaset ya naɗa wa Baba cewa ya ji komai, yana kan rubutawa, ya ba Nashiru ɗalibin nan da ya je gida. Daga wasiƙarki na ji. Tsoho ya ɗauki abu a ƙirji shekara arba'in da huɗu, ya sauke, a ce masa an karɓa alhali an zubar. Har ya yanka akuya! Jiya na ce wa ɗan baffan naki, mutumin da yake bauta wa ya juya wa sarkinsa baya, amma ban ga inda ya yi wa ubansa ƙarya ba, kuma ni na buga wasiƙun duka.

Inna, ranar da wannan ta same ki, ko da azahar ce, ki sa a nemo mota ki tafi Gaya. Ki durƙusa ki faɗa masa abin da ya faru, ki ce ni na aiko ki, in zai yi fushi ya yi da ni. Ki roƙe shi ya faɗa miki da bakinsa. Minti ukun nan yanzu na ji su, amma ba zan rubuto miki guntu ba alhali mai maganar yana nan da ransa. Ki je ki ji ta cikakkiya.

Ki yafe mini.

'Yarki,
Shafa'atu.

Whitechapel,
21 ga Mayu, 1989.

Innata,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina yi miki ta'aziyyar Baba, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haɗa shi da yayansa a Aljanna. Yaya haƙuri, yaya kuka ji da jama'a? Ina fatan ƙafarki ba ta tashi ba da yawan zama.

Alhaji Masawudu ne ya bugo mana waya daga Kano ranar ashirin ga azumi. Takardar Talatu kuma ta zo shekaranjiya, ta ce wasiƙata ta iske ku a Gaya ranar sadakar bakwai, wani ya biyo ku da ita daga Wudil. Ta ce ta karanta miki a bayan rumbu, sai kika tambaye ta ko ta tabbata haka aka rubuta. Haka aka rubuta, Inna. Mako biyar na yi ina rufa wa mijina asiri. Ko ranar da na yanke shawara ma, da na je na buga wa Alhaji waya, da a kwana biyu saƙon ya same ki, Baba yana nan yana shan kununsa. Na ƙi ne don kada abin kunyar gidanmu ya bi ta bakin bare. Na sa a ambulan na liƙa kan sarki, ina ganin na yi hankali. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Mun yi sallar Idi a Regent's Park, mutane suna ta yi masa gaisuwa, yana amsawa kansa a ƙasa. Fasfonsa ya dawo kwana huɗu bayan an binne Baba. Ya rame. Yakan zauna da kaset ɗin ya mayar baya ya ji, ya sake mayarwa, kuma in hannunsa ya zarce sai muryarsa ta fito tana karatun Namur, sai ya kashe da sauri. Ina ganinsa, ina kai masa abinci, amma raina bai huce ba, kuma ban yi masa ƙaryar ya huce ba.

Ranar Talata ya kawo mini wata 'yar takarda in buga, shafin farko na littafin. Ya rubuta cewa ya sadaukar da shi ga mahaifinsa, sojan da ya yi yaƙi a Bama. Na ce to, zan buga, amma ya ƙara mini layi ɗaya tak: a wane gari, ko a bakin wane kogi. Na ce littafin nan shafi ɗari huɗu ne, akwai sunan kowane rami da Mai Gashin Aro ya kwana a ciki, layi ɗaya kawai nake nema wa Baba. Bai da shi. Na zare takardar daga tafireta na miƙa masa fara, na rufe tafiretar na tura ta ƙarƙashin gado. Babin ƙarshe ya nemi mai buga masa.

Yanzu ga abin da na hana ki. Na rubuta shi yadda ya fito daga bakin Baba, ban rage ba, ban gyara ba. Yana farawa ne a tsakiya, Baba yana magana da ɗansa.

"...da hannuna na rufe shi, Nata'ala, ba wani ba, da bargona na naɗe shi. Na faɗa maka sunan kogin, na faɗa maka itacen, ka rubuta daidai. Saƙon da ya ba ni in kai wa Rukayatu kuwa shi ne wanda na faɗa maka yanzun nan, sau biyu na maimaita, kada ka rage ko kalma ɗaya, haka ya faɗa yana riƙe da rigata. Tana da shekara uku a lokacin, na ce sai ta girma. Da ta girma na kasa. Ka roƙar mini ita gafara. To, alhamdu lillahi, na sauke. Ka gaida Shafa'atu da 'yar Baturiyata."

Daga nan sai tari, sai ƙarar tabarma, sai wani zakara daga nesa, kaset ya ƙare.

Mahaifinki ya ambace ki, Inna. Wannan kam kin samu. Da sunanki a bakinsa ya tafi, kuma ɗan'uwansa ne ya rufe shi, ba a bar shi a daji ba. Abin da ya ce ne babu. Na mayar da kaset ɗin baya kaɗan, daidai inda saƙon yake, na ƙure murya, na manna kunnena ko zan ji wani abu a ƙarƙashi. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwar Whitechapel, ya ce abin da aka naɗa a kai ya tafi, ko wa za a kai wa. Kin san abin da ke wurin? Wasiƙar Mai Gashin Aro ce zuwa ga 'yarsa, daga sansanin Namur. Yana ce mata ya aiko mata da leshi, kuma ta rage shan zaƙi saboda haƙoranta. An adana wannan shekara ɗari uku, ba kalmar da ta ɓata. Tana shafi na ɗari uku da goma sha ɗaya, ni na buga ta.

Na yi booking ɗin jirgi, ni da Asma'u za mu taso ranar sha huɗu ga Yuni. Shi ya ce zai biyo mu in ya gama da malamansa. Ban ce ya zo ba, ban ce kada ya zo ba. In ya zo, gabanki zai fara durƙusawa, don Baba ya bar masa aike ɗaya da bai goge ba, na neman gafararki, kuma ba zan isar masa ba.

Kaset ɗin yana cikin jakata, a naɗe cikin hankicin Baba, ni zan kawo miki da hannuna. Ki ajiye sabon ƙyallen nan da kika saya, zai yi masa daidai. Jiya na kira Fusena ta riƙe mini shi, na sa tsinken kitso na karya masa kunne, duka biyun.

Ki gaida Talatu da mutanen Gaya. Ki sa ni a addu'a, Inna, ki yafe mini in kin iya.

'Yarki,
Shafa'atu.